Me za mu kira pleine conscience da Hausa?

Jama'a, ina son mu tsai da magana kan kalma ɗaya. Bidiyoyin da ake turawa a WhatsApp nan Yamai sun cika da pleine conscience, masu Ingilishi kuma su ce mindfulness, galibi da alkawarin wai in ka dage za ka riƙa jin abu a jikinka kafin ya faru. Tunda kundin sake gina ƙasar Nijar da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, bai dace mu riƙa cusa Faransanci a tsakiyar zance don ƙyuyar tunani ba. Wasunku sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan kuma amsa su, amma ni dai na tsaya kan halartowar zuciya.

Kalmar Ingilishin ita ma fassara ce. T. W. Rhys Davids ya sa ta a 1881 a madadin sati, kalmar harshen Pali na littattafan addinin Buda (ba satinmu mai kwana bakwai ba), wadda asalinta tunawa take nufi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da abin asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya tuɓe masa rigar addini, ya mai da shi horo na mako 8 don masu fama da damuwa da ciwon da ya ƙi jin magani. A darasin farko ƙwayar zabibi ɗaya ake ba mutum. Mu ce dabino, mu da muka saba. Ka juya shi a tafin hannu, ka dubi yamutsin fatarsa, ka shinshina, ka ɗora a harshe ba ka tauna ba tukuna, ka ji yawu na tarowa. Kafin ka kai ga ƙwallon, zuciya ta je kasuwar Katako ta tambayi kuɗin buhun shinkafa. Sai ka kamo ta ka dawo da ita kan dabinon. Ta sake ɓallewa, ka sake kamowa. Aikin ke nan dukansa.

Shi ya sa na ƙi natsuwa, ko da yake ita ce ta fi saurin zuwa baki. Natsuwa riba ce da akan samu daga baya, wata rana ma ba a samu. Mutum na iya zama cikin tashin hankali, ya san sarai cikinsa yake, yana kallon yadda ƙirjinsa ke bugawa, kuma ya yi abin da ake nema. Mai da hankali kuwa na ɗan lakkwal ne a gaban allo.

Allah gafarta Malam, na ga ka kawo kushu'i da murakaba. Gaskiya gidan da ka nuna nan na shiga, ɗakin ne dai na sake. Kushu'i na salla ne, akwai ƙanƙan da kai a cikinsa, ba za a ce da mai ciwon baya ya yi kushu'i a gadon likita ba. Murakaba kuma tana da wanda ake fuskanta, ita ce ihsanin hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. In muka ba da aron ta ga horon da ba ruwansa da ambaton Allah, mun tauye ta, mun kuma ruɗa mai sauraro. Amma ka duba littafin Ihya'u na Imam Gazali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo lissafa ma'anoni shida na ɓoye da ke raya salla, da huduril ƙalbi ya fara, sannan fahimta, girmamawa, kwarjini, fata da kunya. Ya ware shi daban, ya sa shi a ƙofa. Malamanmu kuma tuni suka fassara shi a wa'azi, duk mai zuwa tafsirin azumi ya ji ana cewa a yi addu'a da halartowar zuciya. Ashe ba ƙirƙira za mu yi ba, faɗaɗa mata fili kawai za mu yi.

Ƙanena da ya ce a gajarta a ce halartar zuciya, a nan ne ba zan sassauta ba. Halartar taro, taron ake zuwa. Halartar zuciya sai ta yi kama da zuciyar ce aka je wa. Wannan "o" na halarto shi ne na dawo, na kawo, na taho, mai nuna motsi zuwa inda kake tsaye. Zuciyar da ta tafi yawo ce ta komo nan, yanzu. Faransancin ma bai kama wannan ba, cika kawai ya ambata. Kuma tana ba da aikatau ba wahala: halarto da zuciyarka. Kishiyarta muna da ita tun fil azal, gafala.

Hajiya, ranki ya daɗe, kin yi gaskiya, zuciya a Hausa tana da fushi a ciki, ana cewa wane ya yi zuciya. Sai dai in muka koma hankali, "hankalinsa ya dawo" na wanda ya suma ne ko wanda ya taɓu. Gara fushin.

Saura intuition, wato jin abu a jiki kafin ya faru, inda masu bidiyon ke cin kasuwa. A bakin kowa akwai "jikina ya ba ni" da "raina ya ba ni", in suna ake so kuma firasa na nan. Ilhama daga sama ake jefo ta, ba a horar da ita. Firasa kuwa tana da alaƙa da lura. Je ka kasuwar dabbobi ta Turaku gab da Layya ka tsaya kusa da tsohon dillali. Rago na tsaye lafiya lau a idonka, shi ko ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. Ka matsa masa da tambaya, da ƙyar zai ce kunnen ya ɗan saki, ba ya tuƙa, ya ware daga ƴan'uwansa. Idonsa ya riga bakinsa gani, kuma ba zai gani ba in zuciyarsa na kan waya. Iyakar abin da na yarda halartowar zuciya na ƙara wa mutum ke nan. Masu tasawwufi suna kai firasa sama da haka, suna kafa hujja da hadisin Tirmizi na firasar mumini mai gani da hasken Allah, wanda malaman hadisi suka yi magana a kan isnadinsa. Wannan fagensu ne. Amma wanda ya ce zaman lura da numfashi zai sa ka san wanda za ka aura ko ranar da biza za ta fito, sana'arsa tana da sunanta na Hausa tun da daɗewa, duba, kuma aya ta 65 ta Suratun Namli ta riga ta faɗi wanda ya san gaibu. Kada mai fassara ya ba shi firasa ya fake da ita.

Mutanen Adar da na Damagaram, a bakinku halarto kuke cewa ko hallaro? In na biyun ya fi yawa a rediyoyin can, a faɗa kafin mu fara rubutawa.