Me ya sa Amurka ba ta bikin ranar ma'aikata a 1 ga Mayu?

Ɗan Katsina: Assalamu alaikum. Na karanta cewa ranar ma'aikata ta samo asali daga yajin aikin da aka yi a Chicago a 1886, lokacin da leburori suka nemi a rage aiki zuwa awa takwas. To, me ya sa su Amurkawan ba sa hutu a ranar?

Malamar Makaranta: Wa alaikumussalam. Tun 1894 gwamnatin Amurka ta ware Litinin ta farko a watan Satumba, domin a lokacin ana danganta 1 ga Mayu da tarzomar Haymarket (rikicin da ya ɓarke a wani dandali a Chicago lokacin wancan yajin aikin) da kuma 'yan gurguzu. Kanada ma haka take yi, kuma galibi mutane suna shakatawa ne da iyalansu.

Tsohon Ma'aikaci: Malama ta yi bayani daidai. A Najeriya kuwa, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutun a Kano a 1980, kafin tarayya ta bi sahu a 1981.

Bazindare: A Nijar, ƙungiyoyin ƙwadago suna yin maci sannan su miƙa wa hukuma takardar kokensu, wadda a ganina ita ce zuciyar ranar.