Neman shawara: a kan me zan riƙa rataye kaskena?

Mai tambaya, Bukoki (Yamai): Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya aiko mini da kasken jin sauti Sennheiser HD 600 daga Faransa, da shi nake aikin gyaran murya. Wata biyu ke nan ina rataye shi a ƙusar bango, yau na duba sai na ga ƙusar ta lotsa soson da ke zama bisa kai. Na ga wani marataya na katako a intanet, mai lanƙwasa kamar kan mutum, ya burge ni. In saya?

Ɗan Wadata: Wallahi da na ga "kaske" na zaci na kabu-kabu ne. Allah ya kawo masana.

Mai studiyo, Yantala: Wa alaikumus salam ƙanena. Cire shi daga ƙusar nan yau ɗin nan. Kasken bai kai giram 300 ba, amma duk nauyin a wuri ɗaya yake sauka, dole soso ya lotsa. Nemi wanda samansa yake da faɗi, kamar yatsu uku ko huɗu, mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa kuma ya isa kunnuwan su yi lilo ba su taɓa tebur ba, wayar ma kada ta tanƙware a gindi. Wancan mai kamar kai da ka gani, ni ban yarda da shi ba. Yana buɗe kasken dare da rana kamar an sa shi, sosunan kunne na karammiski suna matse. In suka kwanta sautin kansa canzawa yake, kuma sababbinsu ba a kowane shago ake samu ba.

Wata daga Tawa: Malam, ni irin wannan marataya gare ni kuma ban ga illa ba, sai dai nawa siriri ne, ba ya matsawa. Abin da kuka manta ƙura ce. HD 600 bayansa raga ce a buɗe, in hunturu ya kama daga Disamba ƙura har ciki take shiga. Marataya ba ya tare ƙura. Ka yafa masa ƙyalle mai tsabta, ko ka sa shi cikin kabad. Kuma nesa da taga, ranar Afrilu ba ta barin roba da soso lafiya.

Mai studiyo: Gaskiyarki Hajiya. Kai kuma ƙanena, kafin ka yi oda daga waje, ga kasuwar Katako kusa da kai. Zana wa kafinta abin, ka ce gindi ya yi faɗi da nauyi don kada jan waya ya kifar da shi. Ya goge katakon sumul, ya naɗa fata mai laushi a sama, fenti kuma ya bushe sarai kafin ka ɗora.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Yaya, na gode Hajiya. Na sauke shi, yana kwalinsa yanzu. To wurin da ya riga ya lotsa fa, zai taso?

Mai studiyo: Ba shi kwana biyu ka gani. In ya ƙi, wannan soson cirewa ake a sa sabo.