Gidan Lissadell a Ayilan: ina darajarsa take, me ke cin irinsa?

Ɗalibin_Zane: Salamu alaikum. Gidan Lissadell na gundumar Sligo, a hoto dutse ne mai ruwan toka, ba ado ba kwalliya. Me ya sa ake ji da shi haka? Kuma me ya fi lalata gidajen ƙarni na 19 a can?

Mai_Awo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin adon da gangan ne. Francis Goodwin ya zana wa Sir Robert Gore-Booth shi a salon tsohuwar Girka, aka gina tsakanin 1830 da 1835 da sassaƙaƙƙen dutsen Ballisodare, hawa biyu bisa ɗakunan ƙasa. Kyansa na cikin daidaiton tagogi da tsaftar sassaƙa. Ga tarihi kuma: nan Constance Markievicz ta tashi, macen farko da aka zaɓa majalisar Birtaniya a 1918. Dokar tsara gine-gine ta Ayilan ta 2000 ta lissafa fuska takwas na auna darajar gini, ciki har da zane, tarihi da fasaha. Gini in ya shiga rajistar kariya, ba bangon waje kaɗai ba, har matakala, murhu da harabarsa sun shiga. Kafin a taɓa komai, a nemi takardar da ke fayyace ayyukan da ke buƙatar izini daga majalisar gunduma.

Tsohon_Magini: Abin da ke cin su ruwa ne, kuma daga sama yake farawa. Falalen dutsen rufi kan wuce shekara ɗari, amma ƙusar ƙarfen da ta riƙe shi tsatsa ke cinye ta, sai ya zame. A mayar da ƙusar jan ƙarfe. Indararon dalma da ke bayan katangar rufi, ganye ya toshe shi, ruwa ya bi cikin bango. Danshin katako na haura kashi 20 cikin ɗari, naman gwari ya samu wurin zama, ya ruɓar da kan azara ba a gani ba.

Babbar ɓarna dai ita ce siminti, kuma abin na ci mini rai. An ɗaure duwatsun nan da farar ƙasa, wadda ke shan ruwa ta sake shi. Siminti kuwa ya kulle laima a ciki, kamar yadda yaɓensa ke ɓamɓarowa daga bangon tubali da damina. Gyaran: a ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, ban da injin yanka, zurfin ya ninka faɗin tsagar sau biyu. A jiƙa wurin. Kwano ɗaya na farar ƙasa mai lamba NHL 3.5 (lambar da ke nuna ƙarfinta), yashi mai kaifi kwano biyu da rabi. A danna shi sosai, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki, don in ya bushe da sauri tsagewa yake. Sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, a ajiye cokali.

Mai_Awo: Gaskiyarka, Baba. Ƙari ɗaya, tagogi. Kafin a soke harajin gilashi a 1845, galibi ƙananan gilasai ne, shida sama shida ƙasa. Bayan nan manya suka yawaita. Da su ake ƙiyasta shekarun gida, saboda haka sa tagar roba share shaida ne. Yawanci katakon gindi kaɗai ke ruɓewa: a yanke shi a dasa sabo, a canja igiyar da ke riƙe nauyin taga, a bar tsohon gilashin a mazauninsa.