Neman kalmar Hausa: me za mu kira "coronation"?

Jama'a, ku taya ni warware wannan. Masu fassara labarai sun saba juya coronation, wato bikin da ake yi wa sabon sarki a Turai, su ce naɗin sarauta, ni kuwa ina ganin kalmar ba ta ɗauki abin ba.

A wurinmu naɗi ne ke ba mutum sarauta. Kafin rawani ya hau kansa, ɗan sarki ne kamar sauran 'yan'uwansa. A Turai ba haka ake ba. Elizabeth ta ɗaya ta zama sarauniyar Ingila ran 17 ga Nuwamba 1558, ranar da yayarta Mary ta rasu, amma sai 15 ga Janairu 1559 aka yi bikin a cocin Westminster. Louis na 14, sarkin Faransa, ya gaji mahaifinsa a 1643 yana ɗan shekara 4, nasa bikin kuwa sai 1654 a garin Reims. Idan muka ce ran nan aka naɗa shi, mai karatu zai ɗauka Faransa ta yi shekara 11 gadon sarauta ba kowa.

Wani zai ce to bikin ba da sanda mana, tunda shi ma bayan naɗi yake zuwa. Ya yi kusa, sai dai gwamna ke miƙa sanda, can kuwa babban limamin coci ne ke aikin. Sarki ya yi rantsuwa, a kwance masa wuyan riga, limamin ya shafa masa mai a ka da ƙirji da hannuwa, sannan a aza masa kambi. Faransawa sun riƙi man nan da girma ƙwarai. A 1594 Reims, inda aka saba yin bikin, na hannun abokan gaban sarkin Faransa Henry na 4, tulun man ma yana can, dole aka yi bikinsa a Chartres, aka ɗauko wani man daga gidan ibada na Marmoutier. Ba a yarda a yi babu shafawa ba.

Shawarata ke nan: mu ce bikin ɗora kambi, mu bar naɗi ga rawani. Kambi kalma ce tamu, kowa ya san ta, kuma shi jama'a ke gani a ranar. Shafa man kuwa, in zance ya kai kansa, a kira shi shafen sarauta, yadda muke cewa wankan sarauta. Malamanmu na Hausa, in akwai wadda ta fi waɗannan zama a baki, ku kawo ta.