Yaya za mu haɗa manya da matasa a ajin koyon sana'a ɗaya?

Assalamu alaikum. Ina taimakawa a wata cibiyar koyar da ɗinki, walda da gyaran waya, kuma wata matsala ta sha mana kai. Manya suna son su ƙware da wuri domin ciyar da iyali, matasa kuwa suna bukatar su taɓa wannan su taɓa waccan kafin hankalinsu ya kwanta a kan sana'a guda. Mun yi ƙoƙarin raba musu lokaci, amma kowa sai da yamma yake samun sarari, har magidanci yakan tsaya yana jiran yaro ya gama koyon zura zare a keke. Don Allah, waɗanda suka taɓa gudanar da irin wannan shiri, yaya kuka tsara shi ba tare da an tauye kowa ba?