Waɗanda aka yi wa aiki da allurar baya, yaya abin yake?

'Yar Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na je awo wannan makon aka yi mini hoto, likita ya ce har yanzu yaron a gicciye yake kuma lokaci ya ƙure, don haka sun sa mini ranar aiki. Aikin ma bai tayar mini da hankali kamar allurar ba. Sun ce ta baya za a yi, ba za a sa ni barci ba. Tunda na faɗa a gida surukata ta kasa zama, ta ce allurar nan shanye ƙafa take yi, wadda ta tsira kuma ita da ciwon baya har tsufa. Ta ce in roƙe su su sa ni barci kawai. Maigida ya ce abin da likita ya faɗa shi za a bi, amma ai ni zan hau gadon. Don Allah duk wadda aka taɓa yi wa ta faɗa mini gaskiya, da daɗin da rashin daɗin.

Uwar Biyu, Sabon Gari:
Wa'alaikumussalam, Allah Ya raba lafiya. Duka 'ya'yana da ita aka ciro su, kuma ga ni da ƙafafuna nake shiga kasuwa.

Za su fara sa miki ledar ruwa, su ɗaura abin awon jini a damtse, su maƙala miki wani ɗan abu a yatsa mai ƙara. Sai a ce ki zauna bakin gado, ki rungume filo, ki sunkuyar da kai ki turo bayanki. Da ƙaton ciki wannan zaman shi ne wahalar. Wata sista ta tsaya a gabana ta riƙe kafaɗuna tana yi mini hira. Abin da suka goge bayan da shi sanyi ƙarara, shi ya fi razana ni. Allurar kanta wallahi ba ta kai zafin wadda ake sawa a bayan hannu ba. Kafin su gama kwantar da ni na ji ɗumi yana gangarawa daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, ƙafafun suka yi nauyi, aka ce in ɗaga na kasa. Ba su fara ba sai da suka gwada: auduga mai sanyi ake dangwala mini daga ciki har ƙirji, ana tambaya ina nake jin sanyin.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne za ki ji ana taɓa ki. Zafi babu, amma ja da dannawa kina ji, musamman lokacin da za su fito da yaron, sai ki ji an danne saman cikin sosai. Akwai labule a tsakani, ba abin da za ki gani. Ina cikin salati na ji kukansa. Aka kawo mini shi dab da kunci na yi masa addu'a tun ba a gama ɗinki ba. Ko don wannan kaɗai zan sake zaɓarta.

Mai Saƙa ta Kwangila:
Duk yadda Uwar Biyu ta faɗa haka ne, sai dai ni karkarwa ta sa ni a gaba, haƙorana har haɗuwa suke. Sannan zuciyata ta tashi, na ji jiri. Da na faɗa wa mai kula da ni a wajen kaina, ya ce jinina ne ya sauka, ya zuba magani ta robar ruwan, nan da nan ya lafa. 'Yar'uwa, an koya mana dauriya a naƙuda, amma a ɗakin nan ki ajiye ta. Duk abin da kika ji ki faɗa.

Maman Yara, Palladan:
Kar a yi ta yabo a ɓoye mata sauran. Ni a wani asibitin kuɗi aka yi mini, ba zan kama suna ba. Sai da aka yi ta laluben wurin kafin allurar ta shiga. Da aka fito da ni aka ce kar in ɗaga kai, ko filo kar a sa mini, har gari ya waye. Na bi umarni. Duk da haka bayan mun koma gida ciwon kai ya sauko, irin wanda ban taɓa yi ba. In na kwanta lafiya lau, da na tashi zaune in ba yarinya nono sai ƙeyata ta ɗauka, wuya ya sage, haske ma ba na son gani. A kwance na riƙa shayarwa, ranar suna ma a kwance na karɓi 'yan barka. Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa ya shigo sai ya ce ai kin ɗaga kai ne. Ya warke da kansa daga baya, amma na sha wuya, kuma ba wanda ya ce mini hakan na iya faruwa.

Iya ta Ƙofar Doka:
'Yata, a zamaninmu barci ake sa mu. Na farka maƙogwaro na zafi ina ta amai, ban san duniyar da nake ba, ban ga jaririna da idon hankali ba sai washegari. Ba zan ce miki barcin ya fi ba. Amma kar ku raina maganar surukarki, tsoro ne na uwa. 'Yata ta fari da allurar baya aka yi mata, kuma har yau tana kukan baya.

Nas ta ɗakin tiyata:
Barkanku. Wannan shi ne aikina, a wajen kan mai haihuwa nake tsayawa, don haka bari in sa baki.

Iya, Allah Ya ƙara lafiya. Ciwon bayan 'yarki gaskiya ne, amma binciken da aka yi bai nuna allurar na barin ciwon baya mai daɗewa ba. Wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Ciki kansa yana sassauta gaɓoɓin ƙugu, ga goyo, ga sunkuyon wanki da shayarwa, shi ya sa matan da suka haihu da kansu ma suke wannan kuka. Batun shanyewa kuma, laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, mu ƙasa da nan muke shiga, cikin ruwan da ya kewaye jijiyoyi. Ba zan ce lahani na dindindin bai taɓa faruwa a duniya ba, amma da wuya ƙwarai. Cikin awa biyu zuwa huɗu ƙafafu ke dawowa.

Dalilin da muke gudun sa mai ciki barci shi ne numfashi. Maƙogwaronta yakan kumbura, sa robar numfashi ya yi wuya, kuma abin da ke cikinta na iya tasowa ya shiga huhu. Akwai lokacin da dole barcin za a yi, kamar in jini na zuba da yawa, ko jijjiga ta taɓa ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In ba haka ba, ta bayan ta fi aminci.

Maman Yara, ki cire wa ranki, ba ɗaga kai ya jawo miki ba. Ruwan da na ambata ne ke tsiyaya ta hudar allurar. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ta yi a 2016 ta nuna kwanciya ba filo ba ta hana wannan ciwon kai. Abin da ke rage shi irin allurar ce: a 2018 mujallar Lancet ta haɗa gwaje-gwaje 110, aka ga allura mai baki irin na fensir, wadda ke buɗa tantanin da ke riƙe ruwan maimakon yanka shi, ta sauko da shi daga kashi 11 cikin 100 zuwa wajen kashi 4. Hakkinki ne ki tambayi wacce za a yi amfani da ita. Wadda ciwon ya kama kuma ta koma asibiti, kar ta zauna a gida, domin bayan haihuwa hawan jini ma na zuwa da ciwon kai, kuma wannan kisa yake.

Wani magidanci daga Tudun Jukun:
Ku gafarce ni iyaye mata, na shigo zaurenku. Matata allurar ba ta ba ta matsala ko kaɗan ba. An fito da ita tana murmushi, muka yi ta kiran dangi. Cikin dare ƙanwarta da ke jinya ta kira ni ta ce Yaya tana ta gumi tana neman ruwa, hannunta ya yi sanyi. Da aka yaye zanen gado, ƙasanta ya jiƙe sharkaf da jini. Nas ɗaya ce a ɗakin da mata da yawa, ban ma ga laifinta ba, amma ba wanda ya duba matata tun da aka kwantar da ita. Aka ce jini. Ba mu tanada ba, don an ce mana aikin mai sauƙi ne. Na riƙa buga wa abokai waya ina tashinsu daga barci, wanda jininsa ya yi daidai kuma yana can Samaru ba abin hawa. Daga ƙarshe asibitin koyarwa na Shika aka tura mu, ta kwanta a ɗakin kulawa ta musamman da oksijin a hanci, Allah Ya tashi kafaɗunta. Ni abin da zan ce wa mijin 'Yar Gyallesu, ya je da mutum biyu su ba da jini a ajiye tun kafin ranar. Mai jinya kuma kar ta tsaya kallon jariri kaɗai, ta riƙa ɗaga zane tana dubawa.

Nas ta ɗakin tiyata:
Malam, Allah Ya saka da alheri, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kowa allura yake tsoro, alhali abin da ke ɗauke mana mata yakan zo ne bayan an fito. Wani bincike da aka buga a 2019, a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa a cikin kowane aiki 1,000 mata fiye da 5 ke rasuwa, wato ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Mace ɗaya cikin shida ta samu matsala, kuma zubar jini ce kan gaba.

Abin takaicin, maganin ba mai tsada ba ne. Gwajin WOMAN na 2017, da mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya, ya nuna allurar tiraneksamik asid na rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Bayan nan amfaninta ya wuce. Sai gwajin E-MOTIVE na 2023 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. A kan masu haihuwa da kansu aka yi shi: leda mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mace don a daina kintacen jini da ido, da ya kai ma'aunin sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Gumi, ƙishirwa da sanyin hannu da Malam ya lissafa, haɗe da saurin bugun zuciya, duk mai jinya ta haddace su.

Amaryar Wusasa:
Ni ɗinkin ne ya ruɓe. Bayan sallama zazzaɓi ya kama ni, muka ɗauka maleriya ce, aka sayo magani a kemis, da kafso kala-kala. Sai da gefen ɗinkin ya yi ja ya fara ruwa mai wari muka koma. Aka buɗe wurin, aka ɗebi ruwan aka kai gwaji, sakamako ya nuna magungunan da na sha ba sa kashe ƙwayar. Na yi makonni ana wanke ciwo. Anti nas, da a ce tun farko an ba ni maganin da yawa, da hakan ta faru?

Nas ta ɗakin tiyata:
Sannu ƙanwata. Ba yawan ba ne, lokacin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta maganin ƙwayoyin cuta, minti 30 zuwa 60 kafin a yanka fata, ita ce kariyar. Ɗora mace lafiyayya a kan kafso na kwana da kwanaki bai ƙara komai ba sai koya wa ƙwayoyin jure magani, kuma ƙiyasin da Lancet ta fitar a 2022 ya nuna yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-mace ta wannan hanya in aka kwatanta da yawan jama'a. Zazzaɓin mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki, ba na kemis ba ne. In ya haɗu da rawar ɗari, jini mai wari, numfashi sama-sama ko ruɗewa, cutar ta fara shiga jini, a tafi asibiti a daren.

Iya ta Ƙofar Doka:
To Malama nas, mun ji. Wankan jego fa? Da kunun kanwa? Don mu dai ba mu san jego ba su ba.

Nas ta ɗakin tiyata:
Iya, ta yi wanka da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, a bar tafasasshe da fyaɗa ganye a kan ciki. Ta tsane ɗinkin da tsumma mai tsabta, kar a shafa masa komai. Kunu ta sha na gyaɗa ko na tsamiya ta ƙoshi, amma a cire kanwar, gishiri ne da ita mai yawa, tana tara ruwa a jiki. A nan Zariya ne likitoci irin su Parry da Davidson suka yi rubutu a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka zargi kanwa da zafin wanka da gadon wuta. Duk mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai an jingina ta saboda numfashi, a kai ta a duba zuciyarta.