Randa tana santsi da wari bayan kwana biyu, ina matsalar take?

Maman Sadiya, Gusau:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani, me ke sa cikin randa yin santsi bayan kwana biyu kacal, har ruwan ya ɗauki wari? Wani lokaci ma sai a ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Ruwan 'yan ga-ruwa ne, kuma randar tana da marfi.

Hajiya Inno, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Mafi yawa ƙari ne ke jawo wannan: a zuba sabon ruwa bisa ragowar na jiya, dattin da ya kwanta a gindi bai taɓa fita ba. Duk kwana biyu ko uku ki juye ragowar a bokitin wanke-wanke, ki goge cikin da soso da 'yar toka mai tsabta, musamman ƙarƙashin wuya inda hannu ba ya son kaiwa. Ɗauraya biyu, ki kife ta a rana ta sha iska kafin ki cika. Sabulu ko omo kada su shiga, yumɓu yana shanye ƙamshinsu ya yi ta mayar da shi cikin ruwa. Soson randa kuma nata ne ita kaɗai, ba ya zuwa wajen kwanuka.

Sai moɗa. Kofin da ake ɗiba da shi ba shi ake kaiwa baki ba. Ki samu mai dogon hannu don yatsu su daina taɓa ruwa, ki rataye shi a ƙusa. Yara su zuba a kofinsu. Wannan kaɗai yana rage rabin wahalar.

Tsutsotsin nan 'ya'yan sauro ne. Daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya ne zuwa kwana 10, kuma ko ƙaramar kafa a gefen faifai ta ishe shi shiga. Ɗaure bakin da farin ƙyalle, sannan marfi a sama.

Malam Bello, Talata Mafara:
Hajiya ta gama magana kan wanki. Abin da zan ƙara: randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta. A gyara ruwan tun yana jarka. In ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle ninki huɗu. Garin ƙwayar zogale ma yana kwantar da laka, kamar ƙwaya ɗaya a lita ɗaya, a motsa sosai a bar shi awa guda. Amma fa haske kawai yake bayarwa. Bayan nan a tafasa, ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ko a sa maganin ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs daidai awon da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a juye a randa.

'Yan uwanmu na yankin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, su kiyaye: tafasawa ba ta fitar da dalma, maganin ruwa ma haka. Rijiyar da ke kusa da inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya ba ta sha ba ce.

Maman Sadiya, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, to sanyin fa? Kwanan nan ba ta yi kamar da.

Hajiya Inno, Birnin Kebbi:
Da damina dama sanyinta yana raguwa, don iska na ɗauke da laima, zufar da take tsattsafowa ba ta bushewa da wuri. In rani ne kuma, ƙofofin jikinta ne suka toshe. Kankare farin da ya taru a bayanta da soso mai kaushi, ki ɗora ta kan jiƙaƙƙen rairayi a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada a yi mata fenti ko a shafe ta da siminti. Wadda ta daina zufa gaba ɗaya sai a mai da ta ta ajiyar hatsi, a sayi sabuwa, a cika a zubar kwana biyu ko uku kafin a fara sha.